Kafin A Sayi Na'urorin Nan: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Dattawan Hausawan Gadarif Ta Sudan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga iyayenmu sarakuna da shehunan unguwanni, limamai, 'yan majalisar iyayen yara, da alhazanmu na Makka da Jidda waɗanda gudummawarsu ta riga su isowa. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya mayar muku da ninkin abin da kuka fitar.

Ni 'yarku ce, ƙanwar wasunku kuma. Lissafi nake koyarwa a aji biyar da aji shida na firamare, shekara 27 ke nan ina shaƙar ƙurar alli. Cikin waɗanda suka zuba kuɗin nan akwai waɗanda ni na tsaya a kansu har suka haddace sau bakwai da sau takwas. Ina wurin taron da aka yi bayan la'asar a farfajiyar makaranta, can baya inda mata ke zama. Na ji an yanke shawara cewa kuɗin da aka tara bayan sayar da riɗi, haɗe da wanda ya zo daga Saudiyya, za a sayo tabilet da shi a raba wa manyan azuzuwa. Wani dattijo, Allah ya yi masa albarka, ya tambaya wa zai koyar da su. Aka ce samari za su riƙe, tsofaffin malamai kuwa a ƙyale su, ai ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Aka yi dariya. Har da ni a dariyar. Ban ce komai ba a wurin, domin muryar da ke cika aji ba ta iya tsallake sahu huɗu na rawuna. Shi ya sa na ɗauki hanyar rubutu.

Ranku ya daɗe, roƙona ɗaya ne: kafin a kashe kuɗin nan gaba ɗaya a kan na'ura, a cire wani kaso a tura malaman karatu. Karatu na sosai nake nufi, mai watanni, mai aikin gida da maki da faɗuwa. Zan gaya muku dalili daga abin da ya same ni, don ni ce busasshen icen da ake magana.

Ba wannan ne karon farko da kwamfuta za ta taka makarantarmu ba. Shekarun baya, tun kafin yaƙi, wata ƙungiya ta kawo mana guda shida, manya masu zama kan tebur. An yanka rago, an yi guɗa, an ɗauki hotuna. Aka kira mu bita ta kwana uku a wani zaure mai sanyi. Mutum ɗaya yana dannawa a gaba, mu muna kallon ƙeyarsa. An ci abinci mai kyau, ba zan ɓoye ba, aka kuma ba kowa takardar shaida. Tawa tana nan ƙasan akwati tare da takardar aurena. Da muka dawo, aka lulluɓe kwamfutocin da zane, aka sa kwaɗo, makulli yana aljihun shugaban makaranta. Ban taɓa ganin laifinsa ba. An sa shi ya sa hannu cewa suna ƙarƙashin kulawarsa, kowa kuma ya san wanda za a tambaya in ɗaya ta lalace. Ƙurar habub ta yi nata aikin, ɓeraye suka ƙarasa wayoyin. Sau biyu na taɓa su a rayuwata, ɗaya daga ciki ranar da muke sharar ɗakin ne.

Abin da ya hana ni su ba lalaci ba ne. Kunya ce. Malami ya saba shi ne mai amsa a aji. Ka tsaya gaban yara tamanin, ka danna wani abu, allon ya yi baƙi, ɗan shekara goma ya taso ya gyara maka da yatsa ɗaya, sauran suna ƙunshe dariya. Wace malama ce za ta kai kanta wannan wuri da ƙafarta? A gida ma haka. In na ce da ɗana ya nuna mini yadda ake tura takarda ta waya, sai ya karɓe wayar, yatsunsa su yi ta rawa, ya miƙo mini ya ce, “Ga shi nan, Inna, ya tafi.” Ya tafi ɗin, amma ta ina ya bi? Gobe in sake tambaya, jibi in ji nauyin tambaya, gata in haƙura.

Sai ga 15 ga Afrilu 2023, ranar da yaƙi ya ɓarke. Ba sai na ba ku labari ba. Aka rufe makarantu, azuzuwanmu suka koma ɗakunan kwanan mutanen Khartum. Da Wad Madani ta faɗi a Disambar shekarar, sai da aka raba aji ɗaya wa gida uku da labule. A Oktoban 2023 UNICEF ta ce yara miliyan 19 ne ba sa zuwa makaranta a Sudan, ni kuwa nawa kason na wannan lissafi yana wasan ƙwallon tsumma a ƙofar gidana daga safe har magariba. Albashi ya yi watanni bai leƙo ba. Na koma soya ƙosai da safe, kamar yadda uwata ta yi.

A cikin waɗanda suka sauka a makarantarmu akwai wata baiwar Allah, malama ce ita ma, ta zo sayen ƙosai muka saba. Ita ta gaya mini cewa wata kwalejin ilimi ta mayar da karatun difilomarta kan intanet, kamar yadda jami'o'i da yawa suka yi bayan yaƙi ya tarwatsa su, kuma ana karɓar malamai masu aiki. Na ce mata ni da ko hoto ban iya turawa ba? Ta ce ai shi ya sa. Ƙanena da ke Jidda ya biya kuɗin zangon farko, maigida ya ce in gwada, in ya gagara ba wanda ya sani. Cikin darussan akwai wanda suke kira taknolojiyar ta'alim, wato fasahar koyarwa da na'ura. Shi na fi tsoro, shi ne kuma na zo ba ku labarinsa.

Ustazun da ke koyar da shi sa'an ɗan farina ne. Ranar farko ya kafa doka: duk wanda zai taimake ka a gida, ya faɗa da baki, hannunsa a bayansa. Ɗana ya sha wahalar wannan doka fiye da ni. Yana tsaye yana cije leɓe, ni ina neman inda aka ɓoye alamar haɗa takarda kamar mai neman allura a rairayi. Aikin farko sau uku ina tura shi babu komai a ciki. Aka ba ni sifili, aka ce in sake. Na yi kuka a daren nan, ni da jikoki. Da safe na buɗe zauren Telegram na ajinmu sai na tarar mu wajen goma ne muka tura iska, har da wani shugaban makaranta daga Kasala da ya girme ni. Ya rubuta cewa shi wayar tasa ce ba ta da tarbiyya. Tun daga ranar na daina ɓoye abin da ban iya ba, domin na ga taron jahilai ne irina, kowa da furfurarsa, daga Atbara, daga Bur Sudan, wasu ma daga Masar inda gudu ya kai su.

Aiki na biyu, aka ce kowa ya naɗi muryarsa yana bayanin abu ɗaya cikin minti uku. Na yi minti goma sha ɗaya, ina alfahari. Ya dawo mini da shi da tambaya guda: “Ustaza, me kike so yaron ya iya in ya gama saurare?” Na zauna na rasa amsa. Abu biyar na cusa a ciki. A aji ina iya yin haka in wuce, don ba wanda ke naɗa ta. Sai da na saurari kaina na ji yadda nake zagaye kamar mai neman gidan da ba ta sani ba. Sau shida na sake. Wannan darasi ba na waya ba ne ma, na koyarwa ne, amma waya ce ta tona ni.

Muna cikin haka, a Fabrairun 2024, layukan waya da intanet suka ɗauke a kusan duk ƙasar. Na ce shi ke nan, karatu ya ƙare, kuɗin ƙanena sun bi ruwa. Da shabaka, wato intanet ɗin, ta dawo, ustazun ya soke aikin da ya ba mu, ya ba da wani: kowa ya shirya darasin da zai isa hannun yaro ko babu shabaka. A nan na koyi sa darussa a katin memori, da tura su daga waya zuwa waya ta Bluetooth da Xender, da matse takardar PDF ta ƙanƙance. A nan na gane cewa bidiyon minti biyar yakan ci data fiye da saƙon murya na awa guda, don haka mai tausayin aljihun iyaye murya zai aika, ya haɗa da hoton allo guda ɗaya. Wanda ya sayo na'ura daga kanti ba za a gaya masa wannan ba. Mai kanti bai san wutarmu tana yini ba ta zo ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ce lallai sai na rubuto muku.

An ba mu aikin shirya jarrabawa a Google Forms, irin wadda ke duba kanta ta ba da maki. Lokacin ina tara yaran unguwa da na baƙi a gindin darbejiya muna ɗan bitar lissafi don kada su manta. Na shirya tambaya goma a kan kusur, wato lissafin ɓangarori, na tura wa iyayensu. Sakamako ya dawo, kusan kowa ya faɗi, har yarinyar da na san ta fi ni saurin lissafi. Hankalina ya tashi. Kwana biyu ina dubawa kafin in gano: ni na rubuta amsoshin da lambobin boko da ke kan wayata, yaran kuwa sun amsa da lambobin Larabci da muke rubutawa a littafin makaranta, inda biyar take kama da sifilin boko, sifili kuma ɗigo ne kawai. Na'urar ba ta san duk abu ɗaya ba ne, sai ta kashe su duka. Shekara uku baya da na ajiye wayar na ce aljanu ne a ciki. Wannan karon ni na gano, ni na gyara, na mayar da tambayoyin na zaɓi, na kuma kai labarin zauren ajinmu, inda ya ceci mutum huɗu daga irin ramin.

Da sakamakon gaskiya ya fito, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Na'urar tana nuna maka amsar kuskuren da yara suka fi zaɓa. Fiye da rabinsu sun ce ɗaya bisa takwas ya fi ɗaya bisa huɗu girma, tunda takwas ta fi huɗu. Shekara da shekaru ina jan jan biro a kan wannan kuskure, littafi bayan littafi, cikin dare da fitila, ban taɓa tsayawa na ƙirga na ga cewa ciwo ɗaya ne ke damun ajin ba. Mai duba littafi tamanin ba ya ƙirga, burinsa ya gama ya kwanta.

Sai na naɗi murya ta minti uku, na yi ta da Hausa. Kun san yadda abin yake: yaronmu yana tashi da Hausa a gida, ya shiga aji ɗaya da Larabcin kasuwa, sai ga shi a aji biyar ana ce masa basɗ da maƙam, wato lambar sama da ta ƙasa a kusur, yana gyaɗa kai. Na yi musu misali da faifan kisra guda, gurasarmu ta dawa, a raba wa mutum huɗu, a raba wa mutum takwas, a wane gida za ka so a gayyace ka? Na tura. Wayar gidan ɗaya ce, don haka a tsakar gida aka saurara, kowa na ji. Washegari kakar wata yarinya ta tare ni a hanyar kasuwa, tsohuwar da ba ta taɓa zama a benci ba. Ta ce, “Malama, wannan ne abin da ke wahalar da yaran? Ai kowace mace ta san tumuni bai kai rubu'i ba. Wadda miji ya mutu ya bar 'ya'ya, tumunin takaba take samu. In babu ɗa, rubu'i ne nata. Wa ya fi samu?” Na tsaya baki buɗe. Rabi, sulusi, rubu'i, sudusi, tumuni, duk suna bakin iyayenmu tun kafin a gina makarantar, a rabon gado suke jin su. Na roƙe ta ta maimaita, na naɗa, da izininta. Muryarta ce yanzu darasina na farko a kusur, kuma ban sake samun ajin da rabinsa ya faɗa wannan rami ba. Larabci yana nan a matsayinsa, da shi za su rubuta jarrabawa, da shi nake rufe kowane darasi. Hausar tsani ce kawai.

Allah gafarta malamai, na san abin da ke ranku game da waya a hannun yara, kuma ina tare da ku. Ni ma uwa ce. Mako biyu cur muka yi a kan wannan a karatun. Lambar uba ko ta uwa ake sawa a zaure, ba ta yaro ba. Ba a sa hoton fuskar ɗalibi. Malami namiji ba ya bin ɗaliba da saƙo ita kaɗai, ko don karatu ne. Ana rufe zauren ta yadda malami kaɗai ke iya aikawa, a buɗe shi awa ɗaya don tambaya. Saurayin da kuke shirin miƙa wa tabilet talatin ya iya waya, ban musa ba, ya fi ni nesa. Amma waɗannan ƙa'idoji ba a TikTok ake tsintar su ba, kuma bai san yaron da ke kuskure don bai gane ba da wanda ke kuskure don bai karya kumallo ba. Shi ma karatun yake buƙata, ta ɗaya gefen.

Akwai kuma abin da har yau ban warware ba. In kaka ta yi, iyaye maza suna tafiya gonakin riɗi da dawa da wayoyinsu, su yi makonni. Gidan da ke da waya ɗaya, yaro namiji ake fara ba, yarinya sai abin da ya rage na caji. Wannan ya fi ƙarfin malama, naku ne, ku da ake jin maganarku a masallaci.

A kan maganar busasshen ice kuwa, ku yi mini afuwa in tuna muku Disambar 2024, lokacin canjin takardun kuɗin Sudan na jine ɗari biyar da dubu. Alhazan da suka rantse ba za su taɓa sa dukiyarsu a waya ba, yau da Bankak, manhajar banki ta waya, suke cinikin buhunan riɗi a kasuwar amfanin gona, gilashi a kan hanci, suna duba saƙon shigar kuɗi kafin a ɗora kaya. Ba wanda ya ce sun tsufa. Buƙata ta zo, aka zauna da su aka nuna musu, suka yi kuskure, suka iya.

Ƙasar nan ma ba baƙuwar wannan tunani ba ce. Tun 1934 aka kafa Bakhtar Ruda kusa da Duwem don a horar da malami kafin a damƙa masa aji da littafi, kuma waɗanda suka koyar da mu daga hannun 'yan can suka fito. Jami'ar Sudan ta karatu daga nesa, wadda aka kafa a 2002, malaman makaranta da yawa sun ƙaro ilimi ta hanyarta ba tare da sun bar azuzuwansu ba. Akwai manhajar Learning Passport da UNICEF da ma'aikatar ilimi suka ƙaddamar a 2021, da darussan manhajar Sudan a ciki, kyauta. A ɗakin malamanmu ba wanda ya taɓa buɗe ta sai da na dawo daga karatun nan. Kayan suna nan zube tun tuni, masu ɗauka ne babu.

Don haka ga abin da nake roƙo. A rage yawan tabilet ɗin, ko da rabi ne. Da abin da ya ragu a biya wa malamai huɗu ko biyar kuɗin karatu na zango biyu, a fara da mata da waɗanda suka daɗe a aiki, don su ne ba za su nema da bakinsu ba, su ne kuma ba sa barin makarantar in an samu aiki a Bur Sudan ko bizar Saudiyya. A sa malamin khalwa, wato makarantar allo, ɗaya a ciki, almajiransa ma yaranmu ne. Kada a karɓi bitar kwana uku a madadin wannan, ko kyauta aka kawo ta, ko da wane irin abinci. A sayi faifan sola da batir a kafa a ɗakin malamai, a ware kuɗin data na wata-wata, don na san malamar da ta bar karatun nan a tsakiya saboda data kawai, kuma ta fi ni ƙwaƙwalwa. Ku yi magana da mazajen malamai mata, a ɗauke musu girkin dare ranar da suke da lacca. Sannan a rubuta a takarda, ku sa hannu, cewa na'urar da ta lalace a wurin aiki ba za a ci malami tararta ba. In ba a rubuta wannan ba, kwaɗon nan zai dawo, na ma san inda aka ajiye shi.

Ni ba na neman ko jine ɗaya, zango ɗaya ya rage mini kuma ƙanena ya biya. Abin da zan iya bayarwa shi ne yammacin Asabar da Talata, in zauna da duk malamin da ya shiga karatun, hannuna a bayana.

Na ji an ce za a sake zama ranar Juma'a ta sama kafin a aika kuɗin wurin mai sayowa. Ina roƙon minti goma a wannan zama, da kujera a gaba kusa da inda za a ji ni. Zan zo da wayata da cajinta cike, da tambayoyi goma na kusur. Duk dattijon da ya ga dama ya amsa, na'urar ce za ta duba, ba ni ba, kuma na yi alkawarin ba zan faɗi makin kowa ba.

Wassalam.

'Yarku,
malamar lissafi a wata firamare,
Gadarif.